Bos ɗin Fim da Antin Unguwarmu

Shekaru sun tura tun da muka tattaro muka dawo gida daga Malesiya. Na manta lambar filat ɗin da muka zauna, na manta sunayen tashoshi da yawa, har ɗan yaren Malay ɗin da na tsinta ya zube a hanya. Amma akwai wata Laraba guda da ba na jin za ta bar kaina ko da tsufa ya cinye sauran tunanina. Har yau in na tuna ta sai wuyana ya ɗau zafi, kuma rabin fushin da kaina nake yin sa.

A Pantai Dalam muke zaune lokacin, hawa na tara, maigidana yana karatun digiri na uku a babbar jami'ar da ke kusa da mu. Mu matan 'yan Arewa da ke rukunin gidajen ba mu wuce bakwai ba. Da safe maza su wuce makaranta, yara su bi motar makarantarsu, sai a bar mu da wanki da girki da ƙarar jirgin ƙasa. Shi ya sa muke yawan taruwa a ɗakin ɗaya daga cikinmu, a yi hira, a yi kitso, a kashe zafin rana.

Babbarmu wata mata ce da kowa ke kira Anti. Mijinta malami ne a jami'ar, sun fi shekara goma a garin. Ba zan ci amanar gaskiya ba, matar ta san gari. Ita ta san inda ake samun busasshen kifi mai kyau, ita ta san likitar mata da ba ta da tsawa, ita ke karɓar duk wadda ta sauka sabuwa. Amma bakinta, wa'iyazubillahi. Ba ta zama a wuri sai ta sami wadda za ta mayar abin dariya. Yau girkinki ne, gobe ɗinkinki, jibi yadda kike kiran sunan tasha. In kin ɓata rai ta ce, har da "lah" ɗin da 'yan Malesiya ke ƙarasa magana da shi, "Haba ƙanwata, wasa ne lah, ke ba a wasa da ke?" Mu kuwa mu yi ta ƙyaƙyatawa, kowace tana murna yau ba a kanta aka sauka ba.

Sai ga wata yarinya ta iso, matar wani ɗalibi mai shiru-shiru. Duk da aurenta ya haura shekara, Amarya muke ce mata, sunan ya bi ta. Ta zo da ciki, ga kunya, ga Turancinta bai taka kara ya karya ba. Abin da ya fi, tana da in'ina. In hankalinta a kwance yake ba ka ma lura sosai, amma in aka zuba mata ido sai kalma ta maƙale mata a baki. Anti ta samu abin da take so. Tun ranar farko ta iya kwaikwayonta, har da yadda take runtse ido in magana ta tsaya mata. Ni Amarya ta fi sakewa da ni, Yaya take ce mini, ƙofarta na kallon tawa. Amma in Anti ta fara, da ni ake dariyar. Ba zan ɓoye wannan ba.

To, ni tun ina yarinya a Kano akwai wani fim na Turawa mai kashi-kashi da nake mutuwar so, yayyena maza suka koya mini kallonsa tun zamanin kaset. Labarin wani saurayi ne da ya sami na'urar da ke mayar da mutum shekarun baya ko ta jefa shi gaba. Kowa a gidanmu saurayin yake so. Ni kuwa bos ɗin nake jira ya fito. Wani ƙato ne mai cin zali, duk zamanin da aka je sai an tarar da shi yana taka wani: yana ɗan makaranta yana ƙwace tabaran wani yaro ya saka yana kwaikwayon tafiyarsa, ya girma yana wulaƙanta na ƙasa da shi a wurin aiki, ya tsufa bai fasa ba. Ba halinsa nake so ba, Allah ya kiyaye. Ɗan wasan ne ya burge ni. Mutum ɗaya ya yi yaro, ya yi magidanci, ya yi tsoho, kuma a duka ukun sai ka ji kamar ka shiga talabijin ka shaƙe shi. A wurina duk wanda zai sa ka tsane shi haka alhali bai taɓa yi maka komai ba, ya iya aikinsa.

Wani mako aka yi ta ruwa, ba fita, sai na kunna wa matan fim ɗin a falona. Kwana uku muna bin sa kashi bayan kashi, ina fassara wa waɗanda Turancin ya yi musu sauri. Abin mamaki, duk cikinmu babu wadda ta kai Anti tsinewa bos ɗin. Da ya fito sai ta ja tsaki.

"Ji ɗan banza! Wallahi da a gabana yake da na fasa masa baki. Shi kansa wanda ya yarda ya fito a haka mugu ne, mutumin kirki ba zai iya wannan ba."

Na ce, "Anti, ai shi ne gwanin fim ɗin. Cire shi ki ga in akwai abin kallo. Bari in nuna miki wani abu."

Na mayar da fim ɗin baya kaɗan, wurin da ya ture wa wani yaro farantin abinci. Na ce su bar kallon yaron, su kalli idon bos ɗin. Da ya gama ɓarnar, kafin ya yi dariya, sai ya ɗan saci kallon abokansa, kallo na ƙiftawar ido, yana duba ko abin ya ba su dariya. Sai sun fashe sannan shi ma ya saki tasa. Akwai wuri ɗaya kuma a kashi na biyu da ya yi irin wannan babu wanda ya tanka masa, sai fuskarsa ta koma ta yaron da aka kama da hannu a tukunya, kafin ya rufe da tsawa. Na ce, "Wannan ba a rubuta wa mutum shi a takarda. Sai wanda ya zauna ya karanci masu cin zali, ya gane abin da suke tsoro."

Anti ta taɓe baki ta ce, "Ke dai kin cika son tsiya. Mugu mugu ne kawai." Amarya na gefe tana tsinke zogalen da muka samo da ƙyar. Ni kuwa ina ta zuba bayani kamar malamar makaranta, ina jin kaina mai hankali. Abin da ke ƙona mini rai ke nan yanzu. Na iya gano wannan kallon a fuskar Baturen da ban taɓa gani ba, amma ban gan shi a fuskar matar da ke zaune a kan kujerata tana shan shayina ba.

Larabar da ta biyo baya muka shirya zuwa kasuwar Chow Kit, mu huɗu: Anti, ni, wata maƙwabciyarmu 'yar Zariya, sai Amarya da cikinta wata bakwai. Mijinta bai so ba, ni na ce masa ya bar ta ta miƙe ƙafa, tana hannuna. Muka hau jirgin ƙasa zuwa babbar tasha, daga nan muka canza zuwa wanda ke bi ta sama a kan dogo ɗaya. Wanda ya san Chow Kit ya san yadda take: ƙasa a jiƙe, ƙarnin kifi, lungu cikin lungu, kowa na ihu da yarensa. Muka sayi kaza da attaruhu da kuɓewa da doya. Wajen sha biyu muka nufo tasha da ledoji niƙi-niƙi. Na ga Amarya tana haki, sai na karɓi jakar hannunta na rataya tare da tawa, don in rage mata nauyi.

Muna ƙasan matakalar tasha Anti ta dafe goshi. "Kash, na manta lemun tsami. Amarya, ke ce ba ki da kaya. Koma wancan kedai ɗin na kwana ki karɓo mini, ki yi musu Malay ɗin da kika koya." Ta danƙa mata 'yan canji. Kedai shago ke nan, kuma bai fi taku hamsin ba. Amarya ta ce, "T-to, Anti," ta juya a hankali.

Muka hau sama. Ba mu daɗe ba jirgi ya iso. Na ce mu jira ta. Anti ta tura ni ciki da ledarta tana dariya. "Shiga mana! Ta biyo na baya, mu jira ta a babbar tasha. Wata huɗu a gari mutum bai san hanyar gidansu ba? Yau za ta koya." 'Yar Zariya ta shiga. Ni ma na shiga. Babu wanda ya ɗaure ni, babu wanda ya sa mini wuƙa. Ƙafata na ɗaga na shiga, ƙofa ta rufe.

Jirgin na tashi Anti ta manna fuska a gilashi ta ce, "Ga ta can, ga ta can!" Muka leƙa. Amarya ce a bakin titi riƙe da 'yar ledar lemun tsami, tana waige-waige. Anti ta runtse ido ta karkace baki ta ce, "I-i-ina s-suka sh-shiga?" Muka fashe da dariya har wasu 'yan makaranta suka juyo suna kallonmu.

Sai da muka wuce tasha biyu na ji wani abu yana rawa a haƙarƙarina. Na duba. Jakar Amarya ce. Wayarta ce ke ƙara a ciki, mijinta ke kira. Katin jirginta ma yana ciki, da ɗan littafin da take rubuta sunayen tashoshi, da robar ruwanta. Na ji kamar an watsa mini ruwan ƙanƙara.

Na ce, "Anti, wayarta da katinta suna wurina. Ba ta da komai."

Ta ce, "To ai tana da baki, ta tambaya." Ta sake yin dariya, amma wannan karon ita kaɗai.

A tasha ta gaba na sauka, 'yar Zariya ta biyo ni. Anti ta ce ita ba za ta iya ba, yaranta sun kusa tasowa, kuma kazarta za ta lalace. Kazarta! Har yau in na tuna wannan kalmar sai na ji hannuna yana ƙaiƙayi.

Kafin mu tsallaka ɗaya gefen, mu jira jirgi, mu koma, rabin sa'a ya wuce. Babu Amarya a ƙofar tasha. Babu ta a shagon lemun tsami. Mai shagon ya ce ta saya ta tafi tun ɗazu. Muka kutsa cikin kasuwa da kayanmu, lungu-lungu, ina nuna hotonta a wayata ina cewa mai ciki ce, baƙa, da hijabi ruwan toka. Wani ya nuna gabas, wani ya nuna yamma. Aka kira azahar. Hadari ya haɗo, ruwa ya tsuge irin na garin nan da ba ya sallama. Wayarta ta sake ƙara a jakar, karo na huɗu. Na tsaya a ƙarƙashin rumfar wani mai kwakwa na ɗauka.

"Ina take? Tun ɗazu nake kira," in ji mijinta.

Ban taɓa jin nauyin magana irin na ranar ba. Na gaya masa gaskiya, ban rage komai ba. Bai zage ni ba. Sai dai ya ce, "Hajiya, ke kika ce tana hannunki." Ya kashe wayar. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Shi da maigidana suka baro makaranta suka iso a tasi. Muka rarrabu. Na jiƙe sharkaf, na ajiye ledojina wurin wata mai kayan miya ban ma koma na ɗauka ba. Duk motar asibitin da ta wuce sai gabana ya faɗi. Ina tafe ina addu'a, ina tafe ina tsine wa kaina. Sai dab da la'asar wata baƙuwar lamba ta kira mijinta. Wata dattijuwa ce 'yar Malay mai sayar da abinci a Kampung Baru, unguwar da ke maƙwabtaka da kasuwar.

Daga baya muka ji yadda aka yi. Amarya ta hau tasha ba ta gan mu ba, ta tsaya a ƙofar shiga tana jira. Wani mutum ya matso yana yi mata magana, wataƙila ma taimako yake nufi, ta buɗe baki kalma ta ƙi fita, tsoro ya kama ta, ta sauko. Ta ce bari ta koma wurin mai kifin da Anti ta saba da shi, sai lungunan suka rikice mata, ta ɓulla ta wani gefen. Ta yi ta tafiya cikin ruwa har ƙafafunta suka ƙi, ta zauna a bakin wata rumfa jiri yana ɗibarta. Dattijuwar nan ta gan ta, ta shigar da ita, ta ba ta shayi mai zafi da zani busasshe. Ta yi ta tambayarta, magana ta gagara, sai ta miƙo mata biro da takardar naɗe abinci. Da ƙyar Amarya ta tuno lambar mijinta, sau biyu tana kuskure.

Da muka isa, tana zaune a kan benci an lulluɓe ta, ƙafafunta sun kumbura kamar an hura. Ledar lemun tsamin tana kan cinyarta. Dattijuwar ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta yi wata doguwar magana da Malay. Ban ji rabinta ba, amma na gane faɗa take yi, kuma ta yi daidai. Na matsa zan kama hannun Amarya, sai ta janye shi a hankali ta miƙa wa mijinta.

Asibiti aka wuce da ita. Jininta ya hau sosai, suka riƙe ta kwana biyu. Allah ya rufa asiri, abin da ke cikinta lafiya. Ranar da aka sallame ta na yi farfesu na kai mata. Ta karɓa ta yi godiya. Na fara ba ta haƙuri ina ɗora laifin kan Anti, ina cewa ita ta tura mu. Amarya ta bar ni na gama, sannan ta yi magana, kuma wallahi ko sau ɗaya harshenta bai sarƙe ba.

"Yaya, ita na san halinta, ban sa ran komai daga gare ta ba. Amma da jirgin ya wuce ta samana na ɗaga kai. Fuskarki na gani a taga. Kina dariya."

Ban san yadda na fito daga ɗakin ba. Na shiga nawa na rufe banɗaki na yi kuka, kukan ma na haushi ne.

Ranar Asabar Anti ta aiko a guruf ɗinmu na waya cewa a haɗu a gidanta, ta yi waina. Maigidana ya ce in yi haƙuri in bar maganar. Yana da dalilinsa: mijin Anti ne ya haɗa shi da malamin da ke duba aikinsa, kuma shi ke karanta masa babi-babi kafin ya miƙa. Na ce, "Abban yara, na ji. Gaisawa kawai zan yi." Ni kaina na san ƙarya nake yi.

Mu biyar ne a falon, ban da Amarya. Ana cikin cin waina Anti ta ɗauko zancen da kanta. Wai an mayar da ƙaramin abu babba. Wai ita da ta zo garin nan ba wanda ya riƙe mata hannu. Wai mutum da girmansa ya ɓata tsakanin tasha da shago, ai wannan ƙauyanci ne ba laifin kowa ba. Sai ta miƙe tsaye, ta turo ciki gaba, ta riƙe leda a hannu, ta runtse ido: "D-d-don Allah ina h-hanyar g-gida?"

A nan na gan shi, kallon nan na bos ɗin fim. Ta gama, ta saci kallonmu ɗaya bayan ɗaya, da sauri, tana jira. Wata ta fara murmushi. Na ajiye farantina da ƙarfi har miya ta fantsama a kafet.

Na ce, "Anti, zauna. Babu abin dariya a nan."

Ta ce, "Ikon Allah. Da wa kike?"

"Da ke nake. Yarinya ta kwana biyu a asibiti, saura kaɗan a rasa rai biyu, ko leƙa ta ba ki yi ba, kin tsaya kina kwaikwayonta a kan waina. Makon jiya a falona kika yi ta tsine wa bos ɗin fim, kika ce wanda ya fito a haka ma mugu ne. To wallahi ya fi ki. Shi aiki aka ba shi, ya yi shi da kyau don mutane su ga munin abin su guje shi. In darakta ya ce a tsaya, tsayawa yake yi, ya wanke fuska, ya ba wanda ya ture hannu, kowa ya tafi gida lafiya. Ke wa zai ce miki ki tsaya? Shekara nawa kina yi, kuma naki ba wasa ba ne, mutane na gaske kike takawa."

Fuskarta ta canza, na ɗan lokaci kaɗan ta zama abin tausayi, sannan ta ɗaga murya. Ta ce ni wace ce, yaushe na zo garin, ita ta tarbe ni a filin jirgi, ita ta ba ni tukunyar farko da na yi girki. Duk gaskiya ne. Ta ce, "Kuma ke da kike wa'azi, ba da ke aka shiga jirgin ba? Ba ki yi dariya ba?"

Na ce, "Na shiga, na yi. Shi ya sa ba na iya barci. Ke kina iyawa, bambancinmu ke nan." Na juya ga sauran na ce, "Mu ma duk munafukai ne. Kowace a nan ta taɓa komawa gida ta yi kuka saboda bakin matar nan, washegari ta dawo ta taya ta yi wa wata."

Babu wadda ta goyi bayana a wurin. Ko ɗaya. 'Yar Zariya da muka sha ruwan sama tare ta sunkuyar da kai tana wasa da cokali. Wannan ma ya ƙara mini wuta. Na ɗauki mayafina na fita, ban jira lif ba, na sauko ta matakala ina huci.

Kafin magariba an cire ni daga guruf. Aka daina gaya mini ranar kasuwa. Aka yi walimar saukar karatun ɗan wata, sai a bakin yarana na ji. Mijin Anti ya daina amsa saƙon maigidana, babinsa na huɗu ya zauna wata biyu babu mai duba masa harshe, sai da ya nemi wani ɗan Ghana a sashensu. Kwana uku maigidan yana amsa mini magana da ƙyar. A na huɗu muna karyawa ya ce, "Yadda kika faɗa ne bai yi mini ba. Amma abin da kika faɗa, da mu maza ya kamata mu faɗa tun tuni, don duk muna jin labari." Na ƙara masa shayi.

Abin ya ɗauki lokaci kafin ya juya. 'Yar Zariya ce ta fara ƙwanƙwasa mini ƙofa bayan mako uku, wai ta zo aron turmi. Ta zauna ta fi awa biyu, turmin ma ta manta shi. Ta ce ranar bakinta ne ya mutu, amma tun daga lokacin in Anti ta fara kwaikwayon wani sai ta tashi ta shiga kicin. Daga baya wata ma ta bi sahu. Ba wai Anti ta zama waliyyiya ba. Har muka bar ƙasar ba ta taɓa buɗe baki ta ce ta yi kuskure ba, kuma ni da ita gaisuwa ce kawai a bakin lif. Amma taron gidanta ya ragu, kuma na ji an ce da wata sabuwa ta iso daga Sakkwato, ta gwada sau ɗaya, ba a taya ta ba, ta bari.

Amarya ta haihu namiji. Ni na yi mata zaman asibiti, ni na dafa ruwan wankan jego a babbar tukunya ina kai mata safe da yamma, tunda babu uwa babu kaka a kusa. Ba ta hana ni ba, amma ba ta kuma sake da ni kamar da ba. Hira ta tsaya a kan jariri da magani. Ranar suna Anti ta aiko da kular shinkafa ta hannun wata, ba ta zo ba. Amarya ta sa aka juye aka raba wa baƙi, ta wanke kular ta mayar.

Sai da suka zo tafiya, mijinta ya gama, na raka su har bakin tasi. Ta miƙo mini yaron na yi masa addu'a. Na ce, "Ki yafe mini, don Allah." Ta ce, "Na yafe tun a asibiti, Yaya. M-mantawa ce ban iya ba." Na ce ni ma ba na so ta manta, ba na so in manta.

Abin da na koya ke nan, kuma da tsada na koye shi, a jikin wata ba a nawa ba. Mai cin zali ba shi kaɗai yake aikinsa ba, da 'yan kallo yake yi. Ni ban taɓa kwaikwayon in'inar kowa ba, ban taɓa shirya a bar kowa a hanya ba, kuma da wannan nake lallashin kaina cewa ni mutuniyar kirki ce. Ashe dariyata ita ce gudummawata. Yanzu ko a gidan biki ne, ko a ɗakin malamai inda nake koyarwa, in aka ɗauko wani aka fara yanka shi don a ji daɗi, ba na jira sai na tara ƙarfin yin faɗa. Fuskata kawai nake ɗaurewa in kalli mai maganar ido cikin ido. An ce na cika zafi, an ce ba a wasa da ni. Na yarda, a faɗa.